Tandun Mma Hawa

Wannan jakar yadin kakin da ke rataye a bayan ƙofar shagona, wadda kuke cewa wai hular wani ƙaton mutum ce, ta girmi babban cikinku nesa ba kusa ba. Jakar kyanwa ce, kuma tana cikin kayan aikina kamar yadda almakashi yake ciki. Jiya ina jin ku, kuna zaune a kan bencina kuna cin gyaɗata, ɗayanku yana cewa ai sana'ar Baba Garba ba wata aba ba ce, ka miƙa wa mutum ɗan bututun man shafawa, ya je gida ya matsa ya shafa, shi ke nan. Ban tanka ba saboda akwai mutane. Yau shagon babu kowa, sai ku gyara zama.

Ƙafata ce ta kai ni wannan aiki. Dako nake yi a kasuwa, a shekarun da ake ta hayaniyar neman mulkin kai, ina ƙato da gemuna. Wata rana ƙarfen da aka ɗaure akwatin sabulu da shi ya yanke ni a ƙwauri. Ɗan yanka ne wanda bai kai a faɗa ba. Na barbaɗa masa toka, na tura masa garin taba, wani direba ya rantse mini baƙin man mota ya fi komai, shi ma na zuba. Cikin wata biyu abin ya zama gyambo. Ƙudajen Ankara, babban birnin Gana, kaf suka san ni, in na shiga masallaci kuwa sahu yakan yi mini faɗi har ya yi yawa.

Aka kwatanta mini shagon Papa Kote a Kokomlemle. Ɗan ƙabilar Ga ne, gajere mai sanƙo, ya yi aikin wankin miki a soja, a can ya samo Hausarsa ta bariki. Ya kwance tsumman ƙafata, ya sunsuna, ya dube ni.

"Wane ne ya zuba ma baƙin mai?"

"Ni ne, Masa," na ce, yadda ake kiran maigida a bariki.

"Kai makaniki ne? Wannan ƙafa ne, ba lori ba."

Ya wanke gyambon da tafasasshen ruwan gishiri har sai da na kira sunan kakata. Sannan ya ɗauko ɗan bututun ƙarfe mai laushi irin na man goge baki, ya matso wani farin mai a kan auduga, bai fi ƙwayar wake ba. Fanisilin ne, a lokacin sabon abu ne a wurinmu. Na raina shi ƙwarai. Kwana goma ina zuwa yana wankewa yana sakawa, sai ga gyambo yana haɗe baki. Ranar da na taka ƙafar ba ɗingishi na ce masa na bar dako, ya koya mini.

Wata shida na yi a shagon nan ban taɓa bututu ba. Aikina shi ne in hura risho, in tafasa almakashi da hantsaki, in yayyanka bandeji, in wanke hannu. Wankin hannun nan shi ya fi ci mini rai. Mutum mai alwala sau biyar a yini, wai wani ne zai koya masa wanke hannu! Amma Papa Kote sai ya kama yatsuna ya leƙa ƙarƙashin farce, ya miƙo mini jan sabulu. In ya miƙo maka sabulun nan, ka san ka faɗi.

Da ya fara ba ni bututun, ya nuna mini cewa iri biyu ne kuma ba sa haɗa hanya: farin na fata, rawayan mai siririn baki na ido. Bakin bututun ido ba ya taɓa komai, ba yatsa ba, ba gashin ido ba. Ka ja fatar ido ta ƙasa, ka zuba ɗan siririn layi kamar zare, mutum ya lumshe. Wanda ya yi kwana uku bai ga sauƙi ba, ba naka ba ne kuma, na asibiti ne. Akwai kuma wata magana da yake nanatawa har na gaji da ita.

"Garba, magani yana yin aikin shi. Mutum ne ba ya yin nashi. In ya dawo ya ce bai warke ba, kada ka ba shi sabo. Ka ce ya nuna ma yadda ya shafa."

Na ce to. Irin "to" ɗin da kuke ce mini ne.

Bayan shekara huɗu ya tsaya mini na samu takardar izinin sayar da ƙananan magunguna, na buɗe ɗan shagona a nan Nima, kusa da babbar kwata. Mutanen Zango suka sa mini Dokta tun ranar farko, ni kuma ban yi wani ƙoƙarin hana su ba. A nan na ga abin da ɗan Adam zai iya yi da bututu guda. Wani lebura mai maruru a cinya ya dawo yana yi mini godiya, ya ce maganin yana da kyau, sai dai ɗan bauri, amma in an shafa a burodi yana wucewa. Wata mai sayar da kifi ta ga ya warkar mata da yanka, sai ta mai da shi man kitso. Wani tsoho kuma ya sa nasa a aljihu bai buɗe ba, wai ai maganin Turawa ƙarfi gare shi, zamansa a jiki ma ya isa. Ina ba mutane labarin nan ana dariya, ni ma ina yi, ban taɓa kawo cewa wata rana dariyar za ta tsaya mini a wuya ba.

Dabba ta farko da aka kawo mini kare ne. Wani mai gadi a Kanda, mutumin arewa, ya zo da karen maigidansa a cikin buhu, waya ta yage masa kunne kuma wurin ya fara ruwa. Maigidan ya yi tafiya, in ya dawo ya tarar da haka aiki ya ƙare. Likitan dabbobi na da nisa, kuma shanu ne a gabansa. Na duba hagu na duba dama, na ce ya zagayo ta baya, kada liman ya wuce ya gan ni riƙe da kunnen kare. Na wanke, na shafa farin man, na ɗaure. Kafin in gama wanke hannu kare ya tuɓe bandejin ya lashe maganin tas yana kaɗa wutsiya. Ranar na koyi cewa dabba sai ka riƙe ta har man ya shiga, ka kuma ɗaure inda harshe da farce ba sa kaiwa. Kunnen ya warke, mai gadi ya baza labari.

Daga nan sai tantabaru masu kwantsa, da ragunan da igiya ta ci wa wuya, da wani aku mai ciwon ƙafa wanda ya cije ni ya kuma zage ni da harshen Ga. Na je na gaya wa Papa Kote, ya ce ba laifi in dai ciwon na waje ne, amma kowace dabba da bututunta, kada in kuskura in haɗa da na mutane. Saboda yawancin masu zuwa ba sa karanta boko, sai in zana hoton dabbar a jikin kwalin. Zanen nawa bai da kyau, wani ya taɓa tambayata ko ragon nan tebur ne, amma dai ana ganewa. Duk cikinsu babu mugu kamar kyanwa. Ku dubi bayan hannuna, waɗannan layukan ba tsagar gado ba ce.

To, sai shekarar jan ido ta zo. Bayan damina ne, aka wayi gari rabin Nima da Maamobi ido ya yi jawur, yana ƙaiƙayi yana zubar da ruwa. Direbobin tirotiro, motocinmu na haya, suka koma tuƙi da baƙin tabarau. Layin da ke ƙofar shagona yakan kai bakin kwata, ni kuma na zama injin miƙa bututu: karɓi, sau uku a yini, na gaba. Yawancin mutane ciwon yakan sake su cikin mako guda, da magani ko ba magani, amma ni ake yi wa godiya, kaina kuwa ya yi girma har hulata ta fara matse ni.

A cikin layin nan Malam Idi tela ya zo. Mutumin Damagaram ne, dogo, mai magana a hankali, shagonsa a zauren gidan hayar da suke zaune a Maamobi. Duk wanda ke son aikin wuyan riga mai kyau a Zango wurinsa yake zuwa, kuma an san shi da abu guda: yakan zura zare a kafar allura yana kallon fuskar mai magana da shi. Matarsa Mma Hawa tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Allah bai ba su haihuwa ba, sai wani farin muzuru da suka raina tun yana jariri. Sunansa Akawu, saboda yini yake a kan teburin yanka bai taɓa aikin komai ba, kuma in ka yi masa magana sai ya dube ka kamar ka zo ba a lokacin aiki ba.

Na ba Malam Idi rawayan bututu. Bayan kwana biyar ya dawo, idon yana nan, bututun kuma wai ya ƙare. Bututun da ya kamata ya yi wa mutum ɗaya mako biyu! Na ce a raina dattijon nan hannunsa nauyi gare shi. Mutum talatin na tsaye a bayansa, sai na miƙa masa wani. Bayan kwana biyar ya sake dawowa, yanzu yana kare idon hagu da tafin hannu. Ya ce, "Garba, zare ya fara yi mini gardama." Na ce masa ciwon bana naci gare shi, ya ƙara haƙuri, na miƙa masa na uku. Kwana uku aka ce mini, na bar mutum ya yi goma, ban ko ɗaga fatar idon na leƙa ba.

Zuwa na huɗu Mma Hawa ce ta zo, ta ratsa layin kamar babu kowa a wurin, ta dafa tebur.

"Dokta, maganin ka na bana ba shi da ƙarfi kwata-kwata. Malam idon shi ya rufe. Akawu ma ya ƙi warkewa."

"Akawu? Mma, wa ya ba Akawu magani?"

"Ni mana. Shi ba rai ba ne? Shi ne ma ya fara ciwon, tun kafin mutane."

"Da wane bututun?"

"Wane bututu? Ei, Dokta! Ni zan sa ma mutum bakin ƙarfe a ido? Na gyara shi yadda ya kamata."

Kalmar "gyara" ɗin nan ce ta tayar da ni tsaye. Na ba mutanen layi haƙuri, na rufe shago da rana tsaka, na bi ta.

Gidan irin namu ne na Zango, ɗakuna goma sha huɗu sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyoyin shanya ta ko'ina. Abin da na fara lura da shi shi ne kowa a gidan idonsa ja ne, kuma kowa ya sha kwalli. Mata, tsofaffi, wani ƙaton mahauci, har da wani Kirista ɗan ƙabilar Frafra mai aikin gini wanda na tabbata bai taɓa sa kwalli ba a rayuwarsa. Sai ga Akawu ya fito daga ƙarƙashin benci, farin muzuru da baƙin zobe a kowane ido, kamar amaryar da ta sha kuka.

Mma Hawa ta shiga ɗaki ta fito da tandun kwalli, irin na fata mai dogon wuya, ya yi baƙi ya yi sheƙi don tsufa. Ta riƙe shi da hannu biyu. Na mahaifiyarta ne, ta ce, daga Salaga aka zo da shi, kuma ya je Makka ya dawo. Ta zare tsinken, na ga abin da ke jikinsa: baƙin kwaɓi mai maiƙo. Bututu ukun nan duk a ciki ta matse su, ta cakuɗa da kwalli.

Ta yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa sabuwar amarya miya. Abin da zai shiga ido, da tsinke yake shiga, haka aka gada. Man kuma shi kaɗai ba a ganinsa, ta yaya za ka san ya zauna? In da kwalli kuwa kowa ya ga shaida. Sannan ga maƙwabta. Mace ta leƙo ta ce Mma a san mini na ido, za ka ce mata a'a? A gidan haya wanda ya hana gishiri ma sai an yi wata ana maganarsa. Don haka kullum da safe, kafin ta fita da koko, sai gidan ya yi layi a ƙofarta, tsinke ɗaya ya zagaye ido talatin da wani abu.

Na ce, "Wa kike fara sa wa?"

"Akawu. In ya ga mutane sun taru gudu yake yi, sai na kama shi tun yana barci."

"Daga shi fa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana daga gabas take fitowa.

"Malam mana. Maigida ne. Zan sa ma sauran 'yan haya kafin shi? Shi ma sau biyu nake zagaya mai, don ya fi kowa samu."

Kun ji. Tsinken yana fitowa daga kwantsar muzuru sai cikin idon Malam Idi, kwana goma sha biyar, saboda girmamawa.

Na same shi a ɗaki zaune a gefen gado, an rufe keken ɗinkin da zane. Na wanke hannu, na fito da shi haske, na buɗe idon hagun da ƙyar. Ya kumbura, yana fitar da ruwa mai kauri, kuma a kan baƙin idon akwai wani ɗan farin tabo kamar ƙwayar gero. Papa Kote ya taɓa nuna mini irinsa sau ɗaya, ya ce in na gan shi kada in tsaya ko sa takalmi. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, don na san idon tela nake kallo yana shirin tafiya.

"Malam, tashi mu je asibitin Kolebu yanzu."

"Garba, ga kayan mutane. In ka ƙara mini bututu ɗaya..."

"Malam, ko ɗari na ba ka ba zai yi ba. Wannan ya fi ƙarfina tun kwana goma da suka wuce."

Mma Hawa tana tsaye a bakin ƙofa da tandunta. Ta ce, a hankali, "Dokta, ni ne na yi mai?"

Na ce tsinken ne. Ta ce, "To kai me ya sa ba ka faɗa mani ba? Sau uku ya zo wurin ka."

Muka ɗauki tasi. A asibiti suka karɓe shi, suka wanke idon, suka ce sai ya kwana biyu a wurinsu, na dama zai tsira, na hagu kuma sai abin da Allah ya yi. Wata nas ta tambayi wanda yake ba shi magani. Na ce ni ne. Ranar ban ce mata sunana Dokta ba.

Daga can na wuce Kokomlemle. Papa Kote ya tsufa, yana zaune a kujerarsa, ya saurari labarin duka, har wurin muzuru mai kwalli, inda na ga gefen bakinsa ya motsa. Da na gama ya ce, "Ka ce ya nuna ma yadda ya shafa?" Na ce a'a, Masa. Bai yi faɗa ba. Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko jan sabulu ya ba ni. Ina da shagona, ina da mata da 'ya'ya biyu, na je bakin famfonsa na tsuguna na wanke hannu.

Washegari na koma Maamobi da niyyar yaƙi a kan tandu, har na shirya maganganuna a hanya. Na tarar Mma Hawa ta riga ni. Ta kwashe kwaɓin ta zuba a kwata, ta jefa tsinken a murhun ƙosai. Tandun ne ta kasa rabuwa da shi, kuma fata ba ta tafasuwa, sai ta toshe bakinsa da kakin zuma ta rataye shi a bango. Na bi ɗakuna goma sha huɗun nan ɗaya bayan ɗaya ina duba ido, ina nuna yadda ake ja da yadda ake zubawa, kowa na sa shi ya yi a gabana. Mahaucin nan sai da ya yi sau huɗu, yana rufe ido tun kafin man ya iso. Da aka daina zagayen tsinke, cikin mako guda gidan ya washe.

Saura Akawu. Na kawo masa nasa bututun, na zana hotonsa a kwali, Mma Hawa ta ce ya fi kama da ɓera. Safe da yamma nake zuwa, kuma kowane zuwa sai an yi dambe. Mu naɗe shi a zane, ya fitar da ƙafa ɗaya ta inda ba a zato, ya yi mini rubutu a hannu, ya haye rufin kwano yana kallonmu. Zanen Mma Hawa uku ya mayar tsumma. Lokacin an sallamo Malam Idi, yana kwance a ɗaki da bandeji a ido, an hana shi taɓa allura. Yana jin ihuna da na muzuru, sai na ji shi yana dariya, karo na farko tun da abin ya faru.

Ya ce, "Hawa, ɗauko tef. Auna mini shi daga wuya zuwa gindin wutsiya, sannan ki zagaya ƙirji."

Na ce, "Malam, riga za a yi masa?"

Ya ce, "Kai dai ka riƙe shi a auna."

Akawu ya warke sarai, ya koma kan teburinsa. Malam Idi kuwa sai da ya yi mako biyar yana komawa asibiti kafin su cire bandejin gaba ɗaya. Idon dama garau. Na hagu ya tsira, amma tabon ya zauna ya zama 'yar hakiya, yana gani da shi kamar ta cikin labule.

Ranar da ya ce a buɗe keken, gidan kaf ya taru a zaure, kowa yana yi kamar wucewa ya zo yi. Ya ɗauki allura, ya lashi bakin zare. Ya kai, ya wuce ta gefe. Ya sake kaiwa, ya sake wucewa. Mutumin da yake yin wannan yana hira! Mma Hawa ta juya ta fuskanci bango. Ni kuwa na ji da ƙasa za ta buɗe da na shige. Sai ya ɗan karkata kai, ya kawo idon dama gaba, ya riƙe numfashi. Zare ya shiga. Mahauci ya yi kabbara har Akawu ya faɗo daga tebur.

Bayan kwana biyu ya zo shagona da kansa, ya ajiye mini wannan jakar. Yadin kaki ne riɓi biyu, da zariya a wuya. Ka zura kyanwa ciki, ka ja zariya, kai kaɗai ne a waje, farce duk suna ciki suna ta banza. Shi ne ɗinkin farko da ya yi da sabon ganinsa. Na juya ta ina yabawa, sai na ga ɗinkin gefe guda ya miƙe sak kamar an sa ma'auni, na ɗaya gefen kuma ya ɗan yi tafiyar maciji. Na yi sauri na kife wurin da hannu, amma ya riga ya gan ni.

Ya yi murmushi ya ce, "Ba sai ka ɓoye ba, Garba. Gefen dama aikina ne. Na hagun naka ne."

Ya ci gaba da ɗinki shekaru da yawa bayan nan, da kansa a karkace, sai dai aikin wuyan riga mai ƙananan zare ya bar shi. Bai ƙara tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya. Teloli nawa ne suka ce in kawo su farke gefen nan su gyara mini, na ce su bar mini kayana.

Sauko da ita ku duba, ba ta cizo. Ku bi ɗinkin hagun da yatsa. To, ga wata baiwar Allah can ta tsaya a bakin ƙofa tana murza ido. Kai mai cewa a matsa a shafa, tashi ka wanke hannu ka ɗauko mata rawayan bututu. Kada ka bari ta fita sai ta nuna maka yadda za ta sa, ka kuma tambaye ta ko akwai kyanwa a gidan.